Ku Tambaya Mu Amsa: Jinin Romiyo da Juliyet a Wuyan Wa Yake?

Wasiƙu huɗu muka zaɓo a wannan fitowar, dukansu daga Kumasi, kuma dukansu sun zo ne bayan da ɗaliban wata makarantar sakandare suka nuna wasan Romiyo da Juliyet a bikin rufe zangon karatu. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya daga wata malamar makaranta, Aboabo: Assalamu alaikum, Malam. Ni ce na koya wa yaran wasan, kuma tun da aka tashi musu ya kaure a ajina. Wasu sun ce iyaye ne suka kashe yaran nan biyu, wasu sun ce su suka kashe kansu da gaggawarsu, wata yarinya kuma ta dage cewa malamin cocin ne mai laifi. Ni kaina na kasa raba gardamar. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ƙara basira. Saboda masu karatun da ba su san labarin ba, bari in fara da gundarinsa. William Shakespeare ya rubuta wasan a Ingila wajen shekarar 1595, aka fara buga shi a 1597, amma labarin a birnin Berona na ƙasar Italiya yake gudana. Manyan gidaje biyu, gidan Montagu da gidan Kafulet, suna gaba da juna tun kaka da kakanni, kuma daga farkon wasan har ƙarshensa babu wanda ya faɗi abin da ya haɗa su. Romiyo ɗan Montagu ya ga Juliyet 'yar Kafulet a wajen liyafa ranar Lahadi da dare, ranar Litinin wani malamin coci mai suna Fada Lorens ya ɗaura musu aure a ɓoye, a yinin nan kuma Romiyo ya kashe Taibalt, ɗan kawun Juliyet, don ramuwar jinin abokinsa Makushiyo, sarkin gari ya kore shi ya tafi Mantuwa. Mahaifin Juliyet, wanda bai san da wani aure ba, ya sa mata rana da wani basarake mai suna Faris. Fada ya ba ta maganin da zai mai da ita kamar gawa har awa 42, da nufin a kai ta hubbaren gidansu Romiyo ya zo ya ɗauke ta, sai dai wasiƙar da za ta bayyana wa Romiyo dabarar ba ta isa hannunsa ba. Ya ji an ce ta mutu, ya sayi guba, ya kashe Faris a bakin hubbaren, ya kashe kansa, ita ma da ta farka ta bi shi. Mahaifiyar Romiyo kuwa baƙin cikin korar ɗanta ne ya yi ajalinta. Rayuka shida ke nan tsakanin Lahadi da Alhamis.

Malaman fiƙihu, idan suna duba shari'ar rai, sukan rarrabe tsakanin wanda ya aikata da hannunsa da wanda ya zama sanadi, kuma misalin da suka saba bayarwa shi ne na mutumin da ya haƙa rami a kan hanya da wanda ya tura wani a ciki. Idan muka bi wannan ma'auni, ɗalibanki da suka ɗora laifi a kan masoyan suna da hujja, domin babu wanda ya ɗura wa Romiyo guba. Hasali ma Romiyo ba shi da tsabtar da ake yawan ba shi. Da safiyar Lahadin nan kuka yake yi a kan wata yarinya daban mai suna Rozalin, kafin gari ya waye ya manta da ita. Mutum biyu ya kashe da takobinsa. Da baransa ya kawo masa labarin mutuwar Juliyet ya tambaya ko akwai wasiƙa daga Fada, aka ce babu, amma maimakon rashin wasiƙar ya sa shi ya tsaya ya bincika, sai ya nufi shagon mai magani. Abin da za a faɗa don sassauta masa shi ne, da farko ya ƙi yin faɗa da Taibalt duk da zagin da ya sha, kuma ƙoƙarin raba faɗa yake yi lokacin da aka soke abokinsa.

Amma ni ba na tsayawa a kan hannun da ya aikata kaɗai. Ina tambayar abubuwa uku game da kowane mutum a cikin labarin: me ya sani, wane iko ne a hannunsa, kuma ya sami sararin yin tunani ko bai samu ba? Da wannan awo rabon Juliyet ya fi na kowa ƙanƙanta, domin wasan ya faɗa ƙarara cewa ba ta cika shekara 14 ba, ba ta fita gida sai da izini, kuma duk babban da ta nufa a ranar Talata ko dai ya zage ta, ko ya juya mata baya, ko ya miƙa mata kwalbar magani.

Yarinyar da ta dage a kan Fada Lorens tana da ido, ki gaya mata na ce haka. Shi ne mutumin da ya fi kowa sanin gaskiyar al'amarin, shi ne mai shekaru da ilimi, kuma gidajen biyu da sarkin gari duk suna ganin girmansa. Ya yarda ya ɗaura auren ne saboda yana fatan auren zai kashe gabar gidajen biyu, wato ya ɗauki yara biyu ya mai da su hanyar sulhun da manya suka kasa yi, ba tare da ya nemi yardar ko da mutum ɗaya daga cikin manyan ba. Niyya ce mai kyau, amma auren da aka ɓoye ba ya sulhunta kowa sai ranar da aka bayyana shi, shi kuwa bai taɓa sa ranar bayyanawa ba. Da bakinsa ya yi wa Romiyo nasiha a kan illar gaggawa, sannan a yinin nan ya ɗaura auren. Babban abin da na riƙe shi da shi ya faru ranar Talata. Juliyet ta zo masa a ruɗe tana cewa za a aurar da ita ga Faris, kuma a nan magana ɗaya ce ta rage: ya tashi ya je gidan Kafulet, ko fadar sarki, ya ce yarinyar nan matar aure ce, ni na ɗaura. Da ya faɗi haka da ya sha kunya, wataƙila har da hukunci, amma da babu zancen aure na biyu. Sai ya zaɓi dabarar da ta rataya a kan wasiƙa guda, da ɗan aike guda, da lissafin awoyi, dabarar da duk haɗarinta a kan yarinyar yake, sirrin da take rufewa kuwa har da nasa. A ƙarshe, da Juliyet ta farka a cikin hubbare ga gawar mijinta a gefenta, Fada ya ji motsin masu gadi, ya ce ta taso su tafi, da ta ƙi sai ya gudu ya bar ta ita kaɗai.

Uwar goyon Juliyet, wadda ta shayar da ita, ita ma ta san komai, ita ce ma 'yar aiken da ta kai ta kawo har aka ɗaura auren, kuma da wuta ta yi zafi shawararta ita ce Juliyet ta manta da Romiyo ta auri Faris. Ina sassauta mata saboda baranya ce da ke cin abinci a gidan, ta kuma yi ƙoƙarin kare yarinyar a gaban maigida har ya daka mata tsawa.

Hukuncina ke nan, Malama: tushen laifin yana wuyan shugabannin gidajen biyu da suka raini gabar da ba su iya faɗin dalilinta ba, mafi kusa da mutuwar kuwa shi ne Fada, sai Romiyo, Juliyet a can ƙarshe. Ki bar yaran su ci gaba da musun, amma ki ce kowa ya kawo hujjarsa daga cikin wasan.

Tambaya daga wani dattijo, Asawase: Malam, jikata ce ta fito a matsayin yarinyar, kuma ban ji daɗin abin da na gani ba. A ganina labarin a fili yake: yara sun bijire wa iyayensu, sun yi aure babu waliyyi, Allah ya nuna musu iyakarsu. Me ya sa ake neman a juya laifin ya koma kan iyaye?

Amsa: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma da lafiya. Ra'ayin nan naka ya girmi wasan kansa. Labarin ya daɗe yana yawo a Italiya, wani marubuci mai suna Luigi da Porto ne ya kai shi Berona a wajajen 1530, daga nan ya bi ta Faransa ya isa Ingila, inda Arthur Brooke ya mai da shi doguwar waƙa a 1562. A gabatarwar waƙarsa Brooke ya ce labarin gargaɗi ne a kan masoyan da suka bi son zuciya, suka yi watsi da ikon iyaye da shawarar 'yan'uwa, suka koma neman shawara wajen tsofaffi mashaya da malaman coci masu camfi. Daga wannan waƙa Shakespeare ya ɗauko labarinsa, amma ya sauya abubuwa da gangan. Abin da ya ɗauki watanni a wajen Brooke ya matse shi cikin 'yan kwanaki, yarinyar da take dab da shekara 16 ya rage mata shekaru ta koma ƙasa da 14, ya kuma buɗe wasan da faɗan barorin gidajen biyu a kan titi tun kafin mu ga fuskar masoyan. Marubucin da ya yi haka yana son mai kallo ya fara ganin aikin manya kafin ya ga na yara.

Ina tare da kai a kan auren ɓoye. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muke bi a zango, aure babu waliyyi ba ya inganta, auren sirri kuma raba shi ake yi, saboda haka babu wanda zai ce da jikarka abin da Juliyet ta yi abin koyi ne. Amma ka dubi Kafulet da idon adalci. Ranar Lahadi, da Faris ya zo neman aure, shi da kansa ya ce 'yarsa ta yi ƙanƙanta, a bari a ƙara shekara biyu, kuma sai Faris ya sami yardarta. A wajen liyafar ma, da Taibalt ya gane Romiyo ya so ya far masa, Kafulet ne ya hana, yana cewa mutanen gari suna yabon halin yaron. Wannan uban ne ranar Litinin da dare, gawar Taibalt ba ta ma huce ba, ya sa ranar Alhamis ba tare da ya tambayi yarinyar ba. Da ta ce ba ta so, ya zage ta tas, ya ce idan ba ta yi biyayya ba ta fita ta yi bara ta mutu a titi, mahaifiyarta kuma ta ce ta wanke hannunta daga al'amarinta. Da Juliyet ta dawo ta nuna ta yi laushi, murna ta sa ya jawo ranar ta dawo Laraba, kuma wannan kwana ɗaya da ya rage shi ne ya tilasta mata shan maganin tun daren Talata.

Gaskiya ne bai san tana da aure ba, kuma wannan uzuri ne. Sai dai ya kamata mu tambayi dalilin da ya sa yarinya ta gwammace a kai ta hubbare da rai a kan ta faɗa wa mahaifinta gaskiya. Addininmu da ya ba uba iko a kan auren 'yarsa budurwa shi ne kuma ya zo da hadisin da ke cewa a nemi izinin budurwa, kuma Buhari ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren Khansa'u 'yar Khidam, bazawarar da mahaifinta ya aurar ba da sonta ba. Dokar Yara ta Gana ta 1998 ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure, ta kuma hana a tilasta wa yaro ko yarinya baiko ko aure. Mu ma a unguwanninmu mun san gidajen da suka ƙi ba da 'ya saboda asali, ko ƙabila, ko bambancin masallacin da ake salla, ko wata tsohuwar rigimar fili da jikoki ba su san mafarinta ba. Laifi tudu ne, Baba, kuma wasan ya fi nuna wa manya nasu tudun.

Tambaya daga wani ɗalibi, Sawaba: Malam, tun a buɗe wasan an ce taurari ne suka saɓa wa masoyan, kuma annoba ce ta tare wasiƙar. Ashe ba ƙaddara ba ce kawai? Idan ƙaddara ce, ai babu mai laifi.

Amsa: Ɗana, ka lura da abu mai muhimmanci, domin haɗuwar tsautsayi a wasan tana da yawa. Baran da Kafulet ya aika da takardar gayyata bai iya karatu ba, kuma a duk Berona Romiyo ya tsayar ya karanta masa, ta haka Romiyo ya ji labarin liyafar. Fada Jon, wanda aka ba wasiƙar, ya biya ya ɗauki abokin tafiya, masu binciken gari suka zargi gidan da suke ciki da annoba suka kulle su. Fada Lorens ya isa hubbaren bayan Romiyo ya cika da ɗan lokaci kaɗan. Waɗannan babu wanda ya shirya su.

Batun taurari dai imanin mutanen wancan zamani ne, mu ba mu jingina musu ikon komai ba. Ƙaddara kuwa mun yi imani da ita, amma ba a kafa hujja da ita don wanke mai laifi. Ka tuna lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka ba shi labarin annoba ta ɓarke a can, ya yanke shawarar komawa, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Yanzu ka cire tsautsayin ɗaya bayan ɗaya ka ga abin da ya saura. Annoba ta tare wasiƙa, amma wa ya ɗora ran yarinya a kan wasiƙa guda? Wa ya sa ya zama dole a yi auren a ɓoye tun farko? Sarkin garin, Eskalus, ya faɗa a farkon wasan cewa sau uku ke nan gidajen nan suna tayar da hankalin birni, abin da ya yi kuwa barazana ce kawai, kuma a ƙarshe ya amsa da bakinsa cewa kau da kan da ya yi ga rigimar ya jawo masa asarar danginsa biyu, Makushiyo da Faris. Sulhu aiki ne mai cin lokaci, mu nan Kumasi shaida ne, domin bayan kisan sarkin Dagomba, Ya Na Yakubu Andani na biyu, a Yendi a 2002, sai da kwamitin manyan sarakuna ƙarƙashin Asantehene Otumfuo Osei Tutu na biyu ya yi ta zama da gidajen sarautar biyu masu gaba da juna, Abudu da Andani, kafin a naɗa sabon Ya Na a 2019. Sarkin Berona bai taɓa zaunar da gidajen biyu irin wannan zama ba sai a kan gawarwaki.

Tun da kai matashi ne, bari in ƙara maka wannan. Mutuwar yaran nan ba ta tabbatar da girman soyayyarsu ba, kuskure ne da ya ginu a kan labarin da ba a tantance ba, kuma Alƙur'ani ya hana mutum ya kashe kansa. Idan abokinka ya fara irin wannan magana saboda an hana shi wadda yake so, kada ka riƙe masa sirri, ka gaya wa babba a kai shi asibiti. Tun 2023 majalisar dokokin Gana ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka, saboda haka tsoron 'yan sanda bai zama dalilin yin shiru ba.

Tambaya daga wani mai shagon magani, Alabar: Malam, ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɗan'uwana a sana'a, wanda ya sayar da gubar. Yaya matsayinsa, kuma me aka yi masa?

Amsa: Maigida, matsayinsa na mai laifi ne, kuma ya san haka, domin da bakinsa ya gaya wa Romiyo cewa dokar Mantuwa kisa ta tanada ga duk wanda ya sayar da irin wannan guba. Romiyo ya zaɓe shi ne saboda ya ga tsummokaran jikinsa da shagonsa da babu komai sai fankon akwatuna, ya ajiye masa zinariya 40, mutumin ya ce talaucinsa ne ya yarda, zuciyarsa ba ta yarda ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, amma kai ka fi ni sanin cewa akwai maganin da ba a miƙa wa mutum babu takardar likita ko nawa ya ajiye, balle matashin da ya shigo a birkice.

Game da hukunci, wasan Shakespeare ya ƙare ne da sarki yana cewa za a yafe wa wasu a hukunta wasu, bai ambaci sunan kowa ba. Fada ya bayyana duk abin da ya faru, sarki ya ce an san shi mutumin kirki ne, Montagu da Kafulet kuma suka yi musafaha, kowannensu ya yi alkawarin kafa mutum-mutumin zinariya na ɗan ɗayan. A waƙar Brooke ta 1562 ne aka zayyana hukuncin dalla-dalla: an kori uwar goyo daga gari, an sallami Fada ya tafi ya keɓe kansa yana ibada har ya mutu, mai maganin kuwa aka rataye shi. Iyayen da sarkin babu wanda aka gurfanar a cikinsu, kuma a duk waɗanda suka sa hannu a al'amarin, wanda ya biya da ransa a gaban shari'a shi ne mutumin da bai taɓa ganin Juliyet ba, bai kuma san akwai wata gaba a Berona ba.